Hoton da Aka Rataya wa Furanni

"A sake," in ji Aniket Sabnis, ko kallon darakta bai yi ba.

Karo na shida ke nan da tsoho Balraj Sethi ya gangaro daga matakalar katako ya zube a kan katifar da aka ɓoye a ƙasa. Shekararsa saba'in da huɗu, gwiwarsa ta hagu kuwa tun bara take ba shi wahala. Darakta ya buɗe baki zai ce ta ukun ma ta yi kyau, sai ya tuna wanda yake rera waƙar buɗe shirin, wanda kuma fuskarsa ke manne a jikin bas-bas daga unguwar Goregaon har ta Colaba. Ya haɗiye maganarsa, ya ɗaga hannu aka mayar da fitilu.

"Sethi-ji, kana faɗuwa kamar mai neman wurin kwanciya," in ji Aniket. "Mutuwa fa za ka yi. Ai kai ka koya wa mutane yadda ake yin ta."

"To, sahab," in ji tsohon. Ya dafa bango ya miƙe, ya sake hawa a hankali, taka ɗaya, hutu ɗaya.

Kowa a wurin ya san abin da ake ciki. A wannan sana'a tamu ba a korar ɗan wasa daga shiri mai dogon zango, kashe shi ake yi. Yau ka yi wa babba gardama, jibi motarka ta faɗa kogi. Daga nan sai a kafa ƙusa a bangon falon shirin, a rataya hotonka, a sa masa sarƙar furanni kamar yadda kowane gida yake yi wa mamatansa. Kana zaune a ɗakinka da ranka, kana cin shinkafa, kana kallon yadda ake kunna maka turare a talabijin. Tsofaffi sun ce sa wa hoton mai rai furanni kiran mutuwa ne, amma mutanen talabijin ba su cika jin maganar tsofaffi ba.

Shekara ashirin da shida da suka wuce Sethi ne mai shiri mafi farin jini a ƙasar, shi ne furodusa, shi ne darakta. Taurarinsa Mahendra Sabnis da Sulekha Sabnis, mata da miji a shirin, mata da miji a gida. Ranar Lahadi da safe tituna kan yi tsit saboda su. Ana cikin haka, a kashi na ɗari da sha biyu, aka ce bas ɗin da Sulekha ta hau ya kife. Ko fitowar ban kwana ba a ba ta ba. Hotonta ya shekara huɗu a bangon nan, kullum da sababbin furanni, mijinta yana tsayawa a gabansa yana zubar da hawayen da suka ciyo masa kyaututtuka.

Ɗansu Aniket yana ɗan shekara tara a lokacin. Malamarsu ta rungume shi a gaban aji tana kuka, shi kuwa da safen nan uwarsa ta taje masa kai. Wata mai sayar da kifi a kasuwar Dadar ta ga Sulekha ta saki kwandonta ta zura a guje. Babu furodusan da ya ƙara neman ta, don sun ce masu kallo sun riga sun yi mata makoki. Ta daina fita. Ta jawo akwatin kiɗanta na harmoniyam daga ƙarƙashin gado ta zaunar da ɗanta a gabansa, daga nan muryar da ake yayi yau ta fito. Abin da ya fito tare da muryar kuwa ƙiyayyar Sethi ce, kuma ita ma ta girma lafiya lau.

Da kamfanin Sethi ya durƙushe ya koma bin sutudiyo yana neman ƙaramar fitowa, Aniket da kansa ya sa aka ɗauke shi a sabon shirin, a matsayin kawu mai ban dariya. Jaridu suka yaba da halin yafiya irin na ɗan gidan Sabnis. Wata takwas ya jira, sai da ya tabbatar matan gida sun ƙaunaci kawun nan, sannan ya kira marubuciya ya ce a tura shi daga bene. Waƙar makokin ma shi ya tsara, kuma bai taɓa jin daɗin tsara waƙa kamar ta ba.

A karo na bakwai Sethi ya bugu da gaske, ya yi wani nishi da ba na wasa ba.

"Wannan ta yi," in ji Aniket. Aka tashi cin abinci.

Yana kan hanyar motarsa ta hutawa sai Pandurang ya tare shi, guduma a soke a ƙugu. Pandurang ne mai kula da kayan ɗakin shiri, ya fi shekara arba'in yana jera kujeru da tukwanen fure a bayan manyan mutane, kowa Pandu-dada yake ce masa.

"Aniket-baba, maganar hoton gobe. Na kafa ƙusa, amma babu abin ratayawa. Tsohon nan ya ce duk hotunansa ruwan damina ya cinye su a ɗakin da yake haya."

"A ɗauke shi yanzu mana, dada. Ga kyamara ko'ina."

"Haba, hoton mamaci na ranar mutuwa? Da ganinsa an san na jabu ne. Mai kyau shi ne na gida, wanda ya sha bango, gilashin ya ɗan dishe." Ya tofar da jan yawun goron ganye a cikin gwangwani. "Kamar na Sulekha-tai. Har yau ban rataya irinsa ba. Amma ita ta yi sa'a, Mahendra-sahab da kansa ya ɗauko shi daga gida, da firam ɗinsa da komai, a naɗe a tawul."

Aniket ya tsaya. "Wa ka ce ya kawo?"

"Babanka. Tun ana saura mako biyu a ɗauki hatsarin, ko marubuta ba su sani ba tukuna. Ya ce in ɓoye a akwatina kada Sulekha-tai ta gani. Shi ya nuna mini inda zan kafa ƙusar, ya ce wajen da haske zai riƙa faɗo masa a gefen dama in ya tsaya kuka." Sai a lokacin Pandu-dada ya dubi fuskar Aniket sosai. Hannunsa ya koma kan gudumar. "Ni na ɗauka duk gidan kun sani, Aniket-baba. Shekara ashirin da shida fa."

"Ka je ka ci abinci, dada."

Bai shiga motar ba. Ya juya ya bi lungun da ke bayan sutudiyo, inda ƙananan 'yan wasa suke raba ɗaki ɗaya da madubi ɗaya. Ya tarar da Sethi shi kaɗai, ya naɗe wando yana shafa man zafi a gwiwa, kwanon abincinsa a buɗe bai taɓa ba.

"Za a sake ne, sahab?"

"Wa ya ce ka kashe Aai?" in ji Aniket. Haka yake kiran mahaifiyarsa.

Sethi ya rufe kwalbar man a tsanake. "Wata takwas ina jiran ka tambaye ni. Na fara tunanin ba ka son amsar."

"Na tambaya yanzu."

"Zauna, beta, ɗana. Ni ba zan iya miƙewa ba, ka riga ka ga dalili." Aniket bai zauna ba. "Wasiƙun masu kallo buhu-buhu suke zuwa ofishina. In an zazzage, kashi uku nata, kashi ɗaya na ubanka. Wata mujalla ta buga hotonsu ta rubuta Sulekha da mijinta. Washegari ubanka ya shigo ya rufe ƙofa, ya ce ko shi ko ita, kuma wata tasha tana jiransa. Na ce matarka ce fa. Ya ce ai shi ya sa, yaro yana bukatar uwa a gida."

"Ni ke nan."

"Kai ke nan. Ya ce makinka ya sauka a lissafi."

Aniket ya tuna lokacin sarai. Makinsa bai taɓa sauka a lissafi ba, shi ne na biyu a aji a shekarar.

"Kai kuma ka ce to."

"Na ce to. Kada ka ɗauka wanke kaina nake yi. Ta fi shi iya wasa nesa ba kusa ba, ni na fi kowa sani. Amma a zamanin nan shiri ba ya tsayuwa babu namiji a tsakiya, ga kuma mace ta mutu, miji yana kuka, masu kallo suka ninka. Na ji daɗin abin da ya shigo, ban kuma ƙara ɗaga waya na kira ta ba. Saboda haka faɗuwar nan bakwai ban ce ba hakkina ba ce." Ya ɗan murmusa. "Sai dai akwai wanda ya kamata mu raba, kuma yana can yana cin abinci a mota mai sanyi."

"Me ya hana ka faɗa tuntuni?"

"In faɗa wa wa? Ƙasar nan gaba ɗaya ta ga yana yi mata kuka shekara huɗu."

Aniket ya fita. Bai ji tausayin Sethi ba, kuma bai yi niyyar ji ba. Abin da ya ji kunya ce, irin ta mutumin da ya shekara ashirin da shida yana jifan ƙofar maƙwabci, ɓarawon kuwa suna cin abinci tare kowace Lahadi. Shi ne ya roƙi tasha a ɗauki mahaifinsa a shirin, uba da ɗa a gida, uba da ɗa a talabijin. Shi ne ya rera masa waƙa a bikin cikarsa saba'in, har ya durƙusa ya taɓa ƙafarsa a gaban kyamarori.

Marubuciyar shirin, Meenal Pradhan, tana zaune a kan akwatin fitila da kwamfuta a cinya, tana cin biredi da soyayyen dankali da hannu ɗaya.

"In ka zo ne a tashi kawu daga mutuwa, abu ne mai sauƙi," in ji ta. "A shirinmu an faɗo daga inda ya fi nan an tashi. Sai mu ba shi asibiti mako biyu."

"Kawu ya mutu. Bangon yana da faɗi ai." Ya jawo kujera ya zauna kusa da ita. "Meenal, tasha ba ta ce tana son babbar mutuwa kafin bikin Diwali ba?"

Ta daina tauna. "Wa?"

"Mai gidan. Babana."

Ta dube shi, sannan ta duba hagu da dama. "Gaskiya? Wata uku ke nan suna yi mini wannan maganar a waya. Yana manta layi, yana sa a sake haska shi sau goma, jiya ya sa an cire wa wata yarinya fitowa guda don ta fi shi samun tafi. Babu wanda ya iya tunkarar ka da ita, kowa ya san yadda kake ji da shi."

"To ki rubuta."

"Ciwon zuciya? A ba shi dogon jawabi a gado, kana riƙe da hannunsa, ka yi waƙa. Zai so haka."

"A'a. Ya hau bas."

"Aniket, mai gidan nan motoci huɗu gare shi."

"Duk sun lalace. Ya hau bas, a kawo labari ta waya. Kada a nuna shi. Kuma kada ya ji sai an gama ɗauka."

Meenal ta goge yatsunta a takarda. Ita ma ta san tsohon labarin, ba ta ƙara tambaya ba.

Mahendra Sabnis yana kishingiɗe a motarsa, an manna masa tsumma a wuya don kada kwalliya ta ɓata riga, yana bare lemo. Har yanzu kyakkyawa ne, kuma har yanzu ya san da haka. Yana magana da kai yana neman inda haske yake.

"Zo, beta, zo. Na ji ka motsa wa Sethi jini yau." Ya yi dariyar nan tasa mai zurfi da ake kwaikwaya a bukukuwa. "Ya yi daidai. Mutumin nan ya cuci Aai ɗinka. Ni dai zuciyata ce mai taushi, da tuni na yi maganinsa."

Aniket ya karɓi ɓarin lemon da aka miƙo masa. Ya yi mamakin yadda muryarsa ta fito sumul. Ashe gadon ba a murya kaɗai ya tsaya ba, har da iya wasan kwaikwayo.

"Baba, ana son hotonka guda. Mai kyau, na da. Za a yi wani abu na musamman kafin Diwali."

"Karramawa?" Mahendra ya tashi zaune. "Ai ya kamata. Shekara arba'in da biyar a sana'ar nan. Kada ka bari su ɗauko daga intanet, waɗannan duk sun sa mini haɓa biyu. Babba za a yi shi?"

"Zai daɗe a inda kowa zai gani."

"To ka ɗauko na falo, wanda ke saman talabijin, mai farar riga da mayafi a kafaɗa. Shekarata arba'in da huɗu a nan. Mai hoton ya ce bai taɓa ɗaukar goshi irin nawa ba." Ya shafa goshin. "Ka biya gida ka ce Aai ta ba ka. Ka ce ta goge gilashin tukuna, ita ta iya. Ni sai na gama da likitan haƙori."

"To, Baba."

"Ɗa na gari," in ji Mahendra, ya dafa masa kai.

Rana ba ta faɗi ba ya isa gidan iyayensa a Dadar. Ya bar direba a ƙasa ya hau hawa uku da ƙafa. A kan matakalar ne ƙarfin halinsa ya fara raguwa. Mahaifinsa bai dame shi ba, mahaifiyarsa ce. Mace ce da ba ta taɓa ɗaga murya ba. Ita take jera wa mijinta ƙwayoyinsa a ɗan faranti kowace safiya, ita take goge kofunan kyaututtukansa. In ta gane, za ta ce ya bari, kuma in ta ce ya bari, bai san yadda zai ƙi ba.

Sulekha ta buɗe ƙofa da garin alkama a hannu. Gashinta ya yi fari fat, ba ta rina shi.

"Yau kuma da wuri? Ka ci abinci? Fuskarka ta yi wani iri."

"Baba ya aiko ni, Aai. Hoton nan na falo."

"Na me?"

"Za a yi amfani da shi a shiri."

Ta tsaya da goge hannun da take yi. Ta dubi hoton, ta dube shi. Shekara goma sha ɗaya ta yi a gaban kyamara, ta san abu ɗaya ne kawai ake yi da hoton gida a shiri.

"Shi ya sani?"

"Ya ɗauka karramawa ce."

"Wa ya gaya maka?"

"Pandu-dada. Bai san ban sani ba." Muryarsa ta karye, abin da bai faru da shi ba duk yinin. "Ke kin sani, Aai?"

"Hotona ya ɓace daga ɗakin kwana, ƙusar tana nan tsirara. Na tambaye shi, ya ce ya kai a canza gilashi. Bayan mako uku na gan shi a talabijin." Ta faɗe shi kamar mai ba da labarin farashin albasa. "Da daren nan ya dawo ya tambaye ni ko kukan nasa ya yi kyau."

"Kika bar ni ina tsinar Sethi duk shekarun nan."

"Yaro ɗan shekara tara yana iya ƙin baƙo ya yi barci. Da ka girma kuma na ga kana son shi, na ce a bar maka uba ɗaya." Ta matso ta taɓa kumatunsa, ta bar masa gari a wurin. "Ba don kai na zauna a gida ba, kada wani ya ɗora maka. Zaunar da ni aka yi."

Ya jira ta ce ya bari. Ya riga ya shirya duk abin da zai faɗa, kuma ya san ba zai yi amfani ba.

Sulekha ta shiga kicin ta wanke hannu. Ta dawo da 'yar kujera ta ajiye a gaban talabijin.

"Bari in hau, Aai."

"Riƙe mini kujerar dai."

Ta hau ta ciro hoton da kanta. Ta zauna a bakin gado mai shimfiɗa ta huhhura gilashin, ta goge da bakin zanenta na sari, lungu-lungu, ba ta gaggawa. Ta ɗaga shi wajen taga ta duba, ta ƙara goge goshin. Sannan ta naɗe shi a tsohuwar jarida ta ɗaure da zare, ta miƙa masa da hannu biyu.

Har ya kai ƙofa ta kira shi.

"Aniket."

"Na'am, Aai."

"Ka ce wa Pandu ya sa furannin roba. Nawa kullum sai an canza, kwana biyu sun bushe." Ta ɗauki kujerar za ta mayar kicin. "Na roba sun fi daɗewa."